Blender a Ma'auni: Jera Abubuwa a Da'ira da Juya Su

Daga cikin ayyukan da ake kawo wa masu haɗa zane mai motsi a Zariya, kaɗan ne babu da'ira a cikinsu. Makarantar Islamiyya tana son tambarinta ya fito a farkon bidiyon sauka, taurari suna kewaye da shi. Mai sayar da agogo a Sabon Gari yana son gajeriyar talla. Ɗalibin sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana son ya nuna yadda bakunan gizo suke haɗuwa a tsakiyar rufin soro. Masu biki kuma suna son katin gayyata wanda furanni ke zagaya sunan amarya. Buƙatar duka ɗaya ce: abubuwa su jeru a kan da'ira da tazara daidai wa daida, kowanne ya fuskanci inda ya dace, kuma idan aka sa su juyawa su juya babu tangarɗa. A kan wannan aiki kaɗai zan auna manhajar Blender, domin ƙaramin aiki irin wannan, wanda ake maimaitawa kusan kullum, ya fi nuna halin manhaja fiye da manyan hotunan da ake tallata ta da su.

Blender manhaja ce ta ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri da kuma motsa su. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya fara rubuta ta a 1994, kuma da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe a 2002, sai masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 cikin mako 7 aka fanso ta daga hannun masu jari. Tun daga lokacin kyauta ce, tana ƙarƙashin kulawar Gidauniyar Blender da ke Amsterdam. Amfanin wannan tarihi ga ɗalibin da ke Samaru ko Kongo shi ne zai iya karɓar ta a filashi daga wajen abokinsa ya ɗora a kwamfutarsa ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba, babu rajista, babu kuɗin wata, kuma ba ta neman intanet bayan an sauke ta. Yawancin abin da zan faɗa ya dogara ne a kan fitowa ta 4.2 ta watan Yulin 2024, ɗaya daga cikin waɗanda ake ci gaba da gyara wa kurakurai har tsawon shekara 2.

Lissafin da aikin ya ginu a kansa bai wuce na firamare ba, wato a raba digiri 360 da yawan abubuwan da za a jera. Lambobin agogo 12 kowace tana samun digiri 30, layukan mintoci 60 kowane digiri 6, fukafukan fanka 3 kowane digiri 120. Matsalar tana tasowa ne idan adadin ba ya raba 360 babu saura. Wanda zai jera 'ya'yan carbi 33, rabon kowane ɗaya digiri 10.909 ne da 'yan kai marasa ƙarewa, idan kuwa ya yi gajen haƙuri ya rubuta 11, to tazara 32 na farko za su cinye digiri 352, ta ƙarshe ta tsira da 8 kacal, ido kuma yana kama wannan cunkoso nan take, balle ma idan da'irar tana juyawa. A nan Blender ta cancanci yabo na farko, domin kowane gurbin rubuta lamba a cikinta yana karɓar lissafi. Mutum ya rubuta 360/33 kawai, ita ta yi rabon da kanta ta riƙe amsar fiye da abin da take nunawa a allo. Haka nan guraben sun san pi da sin na lissafin kusurwa, abin da ke taimakawa wajen gano girman da'irar da za ta ɗauki abubuwan suna taɓa juna ba tare da sun shige cikin juna ba: a raba faɗin abu ɗaya da ninki biyu na sin ɗin rabin kusurwar, amsar ita ce nisan kowane abu daga tsakiya. Ga 'ya'yan carbi 33 masu faɗin santimita 1, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da kowane ɗa zai kama kusan santimita 5.26.

Hanya mafi sauri ita ce ta hannu. A ajiye alamar nan da ake kira 3D Cursor a tsakiyar fili, a umarci manhajar ta riƙa juya abubuwa a kewayen alamar, a kwafi abin da Shift da D, nan take a danna R da Z, wato juyi a kan layin Z da ke tsaye daga ƙasa zuwa sama, a rubuta kusurwar, sannan a yi ta danna Shift da R har da'irar ta cika. Ba ta ɗaukar minti guda, kuma kowane kwafi abu ne mai zaman kansa da za a iya motsawa shi kaɗai. Aibinta shi ne da zarar an gama an gama. Ranar da mai aiki ya dawo ya ce taurari 12 sun yi yawa a mayar da su 9, sai an share an sake daga farko, mai aiki kuwa kusan kullum yakan dawo. Kayan aikin Spin da ke cikin yanayin gyaran siffa shi ma wannan aibi gare shi, ya kuma ƙara da nasa, domin idan aka ba shi cikakkiyar da'ira yana kwafi, kwafin ƙarshe yakan sauka daidai kan na asali, a sami biyu a wuri ɗaya waɗanda ba a gani sai haske ya fara ɓata fuskar.

Hanyar da aka fi koyarwa, wadda kuma ta fi wahalar da masu koyo, ita ce ta Array tare da Empty. Array yana maimaita siffa sau adadin da aka ce masa, amma a kan miƙaƙƙen layi aka ƙera shi ya yi hakan, ba shi da maɓallin da'ira ko ɗaya. Dabarar ita ce a kawo Empty, wato alama marar jiki wadda ba ta fitowa a hoto, a ajiye ta a tsakiya, a juya ta digiri 30 a kan layin Z, sannan a ce wa Array ya kashe tazarar da yake zuwa da ita a kunne, ya ɗauki tasa tazarar daga wannan alama ta gurbin Object Offset. Abin da ke faruwa a ciki, wanda manhajar ba ta bayyana wa mutum a ko'ina a kan allo, shi ne Array yana auna duk bambancin da ke tsakanin siffar da alamar, na wuri da na juyi da na girma, ya ɗora wa kwafi na biyu sau ɗaya, na uku sau biyu, na huɗu sau uku, haka har ƙarshe. Wanda ya fahimci wannan jimla ɗaya ya fahimci dukan halayen kayan aikin, wanda bai fahimce ta ba kuwa zai yi ta bin matakan da ya haddace yana mamakin dalilin da ya sa jiya suka yi aiki yau suka ƙi.

Abu biyu ne ke ɓata sakamakon. Na farko cibiyar siffa, wato ɗigon ruwan lemo da kowane abu yake da shi a Blender, wanda daga gare shi ake auna wurinsa da juyinsa. Dole cibiyar ta zauna daidai inda Empty yake, jikin siffar kuma a matsar da shi gefe daga cikin yanayin gyara, inda jiki ke tafiya cibiya ta tsaya. Idan aka ja abin daga waje, cibiyar ta bi shi, da'irar za ta fito, amma a wani wuri da wani girma da ba su aka nufa ba. Na biyu girman da ba a tabbatar ba. Mutum ya kawo siffa ya rage ta zuwa rabi, a idonsa ta ƙanƙance, amma manhajar tana riƙe da ita a matsayin babbar siffa mai ma'aunin 0.5, alamar kuma tana kan ma'aunin 1. Bambancin ninki biyu ke nan, saboda haka kowane kwafi zai ninka na gabansa, har na 12 ya zama ya fi na farko sau 2,048. Wannan ne lokacin da ɗalibi kan ɗago kai ya ce, "Malam, abin fa ya koma katantanwa." Maganin bai wuce danna Ctrl da A a tabbatar da girma da juyi ba, amma ina ganin laifin manhajar ne da ba ta yin ko ɗan gargaɗi, alhali kusan duk wanda ya taɓa wannan hanya sai ya faɗa wannan rami.

Idan an tsallake waɗannan, Array kayan aiki ne mai kyau ƙwarai ga duk abin da yake jiki ɗaya ne. Gyaran da aka yi wa siffa ta farko nan take yake bayyana a sauran, kuma yana iya liƙe bakin kowane kwafi da na kusa da shi, har na ƙarshe da na farko, ta yadda tayar mota ko haƙoran giyar inji ko haƙarƙarin laimar sarki za su fito babu ɗinki. Wannan tarawar da ke haifar da ɓarna ma tana da amfani idan da gangan aka yi ta: a ɗaga Empty sama kaɗan bayan an juya shi, sai taki ɗaya ya zama matakalar hasumiya mai murɗawa; a sa juyin alamar ya tashi daga sifiri zuwa digiri 30 a hankali, sai kwafin duka su fito daga wuri ɗaya su bazu su cika da'irar, wanda yana daga cikin buɗewar tambari mafi kyau da mafi arha da na sani. Sai dai yawan kwafi da kusurwa ba su san juna ba. Idan aka sauya 12 zuwa 9 dole a koma a sauya 30 zuwa 40. Ana iya ɗaure su da abin da ake kira Driver, amma shi kuma ba ya lissafi da digiri, da radiyan yake yi, inda cikakkiyar da'ira take 6.283, wato pi sau biyu. Wanda ya rubuta masa 360/12 ya umarce shi ne da juyin kusan digiri 1,719. Ga manhajar da ke nuna digiri a fuska, wannan ɓoyayyen sauyin ma'auni rashin kirki ne ga sabon shiga.

Akwai kuma wata tambaya da ake mantawa da ita har sai aiki ya yi nisa, wato ina kowane abu zai fuskanta. Jeri a da'ira iri biyu ne. A tutar Indiya, sanduna 24 na da'irar da ke tsakiyarta kowane yana kallon tsakiya, yana karkata da digiri 15 daga na kusa da shi. A tutar Tarayyar Turai kuwa, taurari 12 suna kan da'ira amma kowane yana tsaye ƙyam, tsininsa ɗaya yana kallon sama. Furannin katin biki irin na farko suke so, lambobin agogo kuwa yawanci irin na biyu, domin ba mai son karanta 6 a kife. Array da Empty irin na farko kaɗai ya iya, tun da juyin ne ma yake haifar da da'irar. Ga irin na biyu akwai tsohuwar hanya mai sauƙi da ba a cika ambata ba: a kawo da'ira, a rage ɗigoginta daga 32 da take zuwa da su zuwa adadin da ake so, a mai da ita uwar siffar, wato a ɗaure siffar gare ta, sannan a kunna Instancing a kan ɗigogi. Kowane ɗigo zai ɗauki kwafi ɗaya a tsaye, kuma akwai akwati guda da za a latsa idan ana son su juya su bi da'irar. Tana aiki lafiya, sai dai yawan ɗigogin ba ya sauyuwa bayan an ƙirƙiri da'irar.

Inda Blender ta ciri tuta a ganina shi ne Geometry Nodes, tsarin da ya fara fitowa a 2.92 cikin 2021 aka kuma sake masa fasali a 3.0 a ƙarshen wannan shekarar. Maimakon maɓallai, mutum yana haɗa ƙananan akwatunan lissafi ne da zare, kowane yana miƙa wa na gabansa sakamako. Ganin farko yana tsoratarwa, kuma na san waɗanda suka shekara suna aiki da Blender ba su taɓa buɗe shafin ba, amma ga aikin da'ira akwatuna uku ne kacal: Curve Circle ya samar da da'irar, Curve to Points ya mai da ita ɗigogi, Instance on Points ya ɗora abin a kan kowane ɗigo. Yawan abubuwa lamba ɗaya ce, faɗin da'ira lamba ɗaya ce, kuma babu rabon 360 ko kaɗan, tun da tazarar daga ɗigogin take fitowa. Batun fuskanta ma zare ɗaya ne ke yanke shi, idan aka haɗa zaren juyi daga akwati na biyu zuwa na uku abubuwan su bi da'irar, idan aka cire shi su tsaya ƙyam. Ana iya fito da waɗannan lambobi fili a ajiye tsarin, ta yadda gobe ko wanda bai san abin da ke ciki ba zai ɗora shi a kan sabon aiki ya ja lamba kawai. Abin lura ɗaya shi ne da'irar kwamfuta gajerun layuka ne aka harhaɗa, saboda haka idan aka ɗebi ɗigogi 33 daga da'ira mai ɓangarori 32, wasu za su faɗa kan tsakiyar layi su ɗan shigo ciki. Gara yawan ɓangarorin ya zama daidai da yawan abubuwan, a ɗauki kusurwoyin da kansu.

Fifikon wannan hanya ya fi bayyana idan abubuwan ba iri ɗaya ba ne, ko kuma ana son kowanne ya motsa a lokacinsa. Lambobin agogo, ko hotunan ɗaliban da suka yi sauka, a zuba su cikin tari ɗaya a ce wa akwatin ya ɗauko ɗaya-ɗaya. Yana bin jerin sunayensu ne, don haka a sa musu 01 da 02 har zuwa 12, kuma a tuna cewa kusurwa mai ƙaruwa a Blender, idan ana kallo daga sama, saɓanin hannun agogo take tafiya, sai an juya alkiblar kafin agogon ya karantu daidai. Kowane ɗigo yana da lambarsa, wadda akwatin Index ke bayarwa, kuma idan aka haɗa ta da akwatin Scene Time sai a sa tauraro na farko ya fito, na biyu ya biyo shi bayan firam 3, wato hotuna 3 daga jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, haka har da'irar ta rufe. Da Array wannan ba ya yiwuwa, domin a wajensa kwafin duka jiki ɗaya ne. Ga masu nazarin ginin gargajiya akwai wani amfani na daban. Soraye irin na tsohon Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, da azara da ƙasa da hannu aka yi su, babu baka biyu da suka yi kama kwabo da kwabo, shi ya sa idan aka jera su da cikakken daidaito na kwamfuta sai ginin ya fito a mace. Akwatin Random Value yana ba da damar ƙara wa kowane kwafi ɗan bambancin digiri ɗaya ko biyu da ɗan kauri, kuma wannan ƙaramin saɓani shi ne ke maido wa hoton kamannin aikin magina.

Game da juyin kansa, Blender tana da tarkuna uku da ya kamata a sani, kuma biyu daga ciki zaɓin masu ita ne. Na farko, duk motsin da aka kafa tsakanin alamu biyu yakan fara a hankali, ya yi sauri, ya ƙare a hankali, domin haka aka saita ta tun daga tushe. Wannan ya dace da hannun mutum ko ƙofa, amma da'irar da ake so ta yi ta juyawa a bayan rubutu za ta riƙa numfashi a ƙarshen kowane zagaye, sai an shiga an mai da motsin Linear, wato gudu ɗaya babu sauyi. Na biyu, ƙasusuwan da ake motsa 'yan katun da su suna zuwa ne da tsarin juyi na Quaternion, wanda a wajensa sifiri da 360 fuska ɗaya ce, saboda haka wanda ya kafa cikakken zagaye a kan ƙashi zai ga babu abin da ya motsa, sai ya sauya shi zuwa Euler kamar sauran abubuwa. Na uku ba laifin manhaja ba ne, lissafi ne: idan ana son zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 4 a kan firam 25 a daƙiƙa, a sa sifiri a firam na 1, a sa 360 a firam na 101, a fitar da 1 zuwa 100 kawai. Wanda ya sa 360 a firam na 100 ya maimaita hoto ɗaya sau biyu, kuma wannan ɗan tsayi yana bayyana duk lokacin da bidiyon ya koma farko. Manhajar da firam 24 take buɗewa, alhali talabijin a Najeriya 25 ne, don haka a gyara tun kafin a kafa motsi.

Abu biyu kuma da suka shafi da'ira musamman. Idan abubuwan 12 iri ɗaya ne sak, ba sai an juya su 360 ba, digiri 30 ya isa hoton ya koma yadda ya fara, kuma wannan yana rage lokacin fitar da bidiyo zuwa kashi ɗaya cikin 12, abin da ba ƙarami ba ne ga mai aiki da janareta. Amma wannan kamanni yana da nasa sharri. Taya mai sanduna 24 da ke juya digiri 15 a kowane firam za ta bayyana a tsaye cik, domin kowane sanda yana sauka daidai inda na gabansa ya tashi, idan kuwa juyin yana tsakanin 7.5 da 15 sai a ga kamar baya take komawa, irin abin da ake gani a tayoyin mota a fim. Blender ba ta hana wannan, babu kuma manhajar da ke hanawa, sai dai a rage saurin ko a kunna dishi-dishin motsi. Ga abubuwan da ake so su zagaya amma su ci gaba da tsayawa a miƙe, Geometry Nodes ya sake sauƙaƙa lamarin, domin wurin da aka saka akwatin juyi ne ke yanke hukunci: idan kafin a ɗora abubuwan ne, ɗigogin kaɗai ke zagayawa abubuwan na tsaye, idan bayan an ɗora su ne, komai ya juya tare. Da Array kuwa a kiyaye, juya siffar ita kaɗai yana wargaza jerin, tun da bambancinta da Empty ya sauya, dole a ɗaure su biyun ga uwa ɗaya a juya uwar.

Adalci ya sa a faɗi cewa a wannan aiki takamaimai akwai waɗanda suka fi Blender sauƙi. Cinema 4D ta kamfanin Maxon na Jamus tana da Cloner, wanda da zaɓi ɗaya na Radial yake ba da yawa da faɗi da kusurwar farawa da ta ƙarewa, duk a fuska ɗaya. After Effects ta kamfanin Adobe tana da Repeater, wanda ya wadatar ga shimfiɗaɗɗen zane irin na katin biki, ko da yake a kan siffofin da aka zana a cikinta kawai yake aiki, kuma shi ma yana da nasa rikicin cibiya. Duka biyun kuɗin haya ake biya da kuɗin waje, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi ga wanda da naira ake biyansa. Kwafin sata da ke yawo a filashi ba mafita ba ce, ko don haƙƙi ko don ƙwayoyin cutar da ke biyo shi. Masu Blender ma da alama sun ji koken, domin fitowa ta 5.0 a watan Nuwamban 2025 ta zo da sabon Array da aka gina a kan Geometry Nodes mai zaɓin da'ira kai tsaye, aka bar tsohon ga masu tsofaffin ayyuka. Gyara ne mai kyau, sai dai ya makara da shekaru, kuma yawancin darussan bidiyo da ɗalibai ke kallo har yanzu tsohuwar hanyar suke koyarwa.

Ta fuskar na'ura, jera abubuwa a da'ira ba ya cin ƙarfi, musamman ta hanyar ɗigogi, inda kwamfuta ke riƙe siffa ɗaya tak ta riƙa nuna ta a wurare da yawa, saɓanin Array na da wanda yake ƙirƙirar sabon jiki ga kowane kwafi. Fure mai fuskoki 50,000 idan aka maimaita shi sau 60 da Array ya zama fuskoki miliyan 3, kuma a nan ne kwamfutocin hannu na gwanjo ke fara shaƙewa. Batun wuta kuwa manhajar ta yi tanadi mai kyau, tana ajiye aiki da kanta duk bayan minti 2, kuma idan aka fitar da bidiyo a matsayin jerin hotuna maimakon fayil ɗaya, aka kashe zaɓin rubutawa a kan na baya, to ɗauke wuta ba ya jawo asarar komai sai hoton da ake cikin yi, idan an dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Masu kwamfutar da ba ta da maɓallan lissafi na gefe su kunna Emulate Numpad a saituna, domin kallon fili daga sama, wanda aikin da'ira ba ya yiwuwa sai da shi, a kan maɓallin 7 na gefen yake.

Fitowar da mutum zai ɗora ta danganta ne da katin hoton kwamfutarsa. Daga 4.0 zuwa sama ana buƙatar katin da ke ɗaukar OpenGL 4.3 da RAM mai gigabait 8 aƙalla, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama da ke hannun ɗalibai ba su kai ba, sai manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ga irin waɗannan 3.6 ta 2023 tana nan, tana da akwatunan nan uku da Index da Scene Time, ko da yake wa'adin gyaranta ya ƙare a 2025. Sai dai mai bin darasi ya duba da wace fitowa aka yi shi, domin sunayen wasu akwatuna sun sauya a hanya, misali wanda ake daidaita fuskar abu da shi, da ake kira Align Euler to Vector a 3.6, an maye gurbinsa da Align Rotation to Vector a 4.2.